Goyo da Yayen Jaririn da Madarar Shanu Ba Ta Karɓe Shi Ba

GABATARWA

A hutun ƙarshen zango na biyu na bara, wata tsohuwar ɗalibata da take aure a nan Doka ta zo gidana da jaririnta ɗan wata uku a goye. Tun kafin ta zauna ta fara hawaye. Ta ce, "Malama, an ce nonona ne ba shi da kyau. Mama ta ce gobe za a cire shi a nono, a koma ba shi madarar gwangwani." Surukarta take nufi. Na karɓi yaron na duba shi. Kumatunsa da bayan gwiwoyinsa sun bushe sun yi ja, yana ta murza fuska a kafaɗata saboda ƙaiƙayi. Ta ce kashinsa yana zuwa da majina, wani lokaci da ɗan zaren jini, kuma katin awonsa ya nuna nauyinsa bai ƙaru sosai ba a watan da ya wuce.

Na tambaye ta abin da take ci. Tun ranar suna, in ji ta, shayi mai kauri take sha safe da yamma da gwangwanayen madarar da matan zumunta suka kawo mata barka, da rana kuma fura da nono, domin ruwan nono ya ƙaru. Na roƙe ta kada a taɓa komai sai likitan yara ya gan shi. Likita ya sa aka auna kashin, ba a ga atuni ba. Sai ya ce ta ci gaba da shayarwa, amma ita ta bar madara da duk danginta har mako huɗu. Kafin mako na uku ya ƙare jinin ya ɗauke, fatar ta fara laushi. Da aka ce ta sake shan madara don a tabbatar, cikin kwana uku ciwon ya dawo.

Da an bi shawarar farko, da an raba yaron da abincin da ya fi dacewa da shi, an ɗora shi a kan ainihin abin da ke damunsa, domin madarar gwangwani ta jarirai da madarar shanu ake yin ta. Wannan ne dalilin darasin nan. Ku ɗalibai kuna goyon ƙannenku a lokacin hutu, gobe kuma ku ne iyaye.

A Hausa "nono" yana nufin na uwa, yana kuma nufin wanda 'yan Fulani suke sayarwa. Domin kada mu ruɗe, a nan zan riƙa cewa "nonon uwa" ga na farko, "madarar shanu" kuwa ga duk abin da ya fito daga saniya: madara ɗanya, ta gari, ta gwangwani, kindirmo, nono mai tsami, yogot, cuku da man shanu.

1. MATSALOLI BIYU DA AKE HAƊAWA

In an ce madara ba ta karɓi mutum ba, ɗayan abu biyu ne ya faru.

Na farko shi ne rashin narkar da sukarin madara, wanda ake kira laktos. Hanji yana da wani sinadari mai suna laktes da ke narkar da shi. Kusan kowane jariri ana haifarsa da isasshen laktes, amma ga yawancin mutanen duniya yana raguwa bayan yaye. A 1971 Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara wanda daga baya ya zama Ministan Lafiya na Nijeriya daga 1985 zuwa 1992, tare da wani likita Ba'amurke mai suna Norman Kretchmer da abokan aikinsu, sun auna wannan a cikin ƙabilun ƙasar nan. Sun tarar yawancin Fulani makiyaya suna narkar da laktos har girmansu, amma kusan dukan manyan Yarabawa da Ibo ba sa iyawa. Wannan matsala ta manya ce: kumburin ciki, ƙugi, da zawo. Jariri yakan same ta ne na ɗan lokaci bayan zawo mai tsanani, ta wuce da kanta. Ba a daina shayarwa saboda ita, kuma abin da uwa ta ci ba ya ƙara laktos a nononta, ba ya rage shi. Nonon uwa ma ya fi madarar shanu laktos: kimanin giram 7 a mililita 100, na saniya kuwa kusan giram 5.

Na biyu shi ne alajin furotin na madarar shanu, shi ne kuma batunmu. A nan garkuwar jikin yaron ce take ɗaukar furotin na saniya a matsayin abokin gaba, ta tashi ta yaƙe shi, yaƙin kuma ya bayyana a fata, ko hanji, ko numfashi. Madarar shanu tana da furotin fiye da giram 3 a mililita 100, nonon uwa kuwa kimanin giram 1, irinsu kuma ba ɗaya ba ne. In uwa ta sha madara, ɗan ƙanƙanin wannan furotin yana ratsawa cikin nononta, kuma ga wasu yara wannan ɗan kaɗan ya isa. Alƙaluman da aka fi ambata, waɗanda aka tattara a ƙasashen Turai, sun ce yara 2 zuwa 3 cikin 100 ne ke da wannan alaji a shekararsu ta farko. Cikin masu shan nonon uwa zalla kuwa kimanin 1 ne cikin 200.

A lura da kyau: tafasa madara ba ta kawar da wannan furotin. Tsami ma ba ya kawar da shi. Babban da madarar gari ke ɓata wa ciki yakan sha kindirmo lafiya, domin tsami ya rage laktos, amma ga jariri mai alaji kindirmo da madara duk ɗaya ne.

2. ALAMOMI

Alajin iri biyu ne.

(a) Mai saurin tashi. Yana bayyana cikin 'yan mintoci zuwa awa 2 bayan yaro ya sha: borin jini, kumburin leɓe ko fatar ido, amai, tari ko shaƙewar numfashi. An fi ganinsa ranar da aka fara ba yaro madarar gwangwani ko kunu mai madara.

(b) Mai jinkiri. Yana ɗaukar awoyi, har zuwa kwana 3: bushewar fata da ƙaiƙayi, yawan amai, zawo ko taurin kashi, majina ko zaren jini a kashi, kuka mai tsawo, da rashin ƙaruwar nauyi. Irin wannan ne yaron ɗalibata yake da shi.

In leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko yaro ya yi laƙwas, a ruga da shi asibiti nan take. Akwai allurar adrenalin da ke ceton rai. Ba lokacin jiƙo ko neman shawarar maƙwabta ba ne.

Sai dai kada kowace uwa ta karanta wannan ta ce ɗanta yana da alaji. Tumbiɗi da kukan yamma da ƙananan ƙurajen fuska abubuwa ne da yawancin jarirai ke yi, su bari da kansu. Jini a kashi kuma a ƙasarmu yana iya zama atuni. Saboda haka dole a ga likita. Ana farawa daga asibitin awo na unguwa, in abin ya fi ƙarfinsu su tura ku wurin likitocin yara, kamar na Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da ke nan kusa da mu.

3. YADDA AKE TABBATARWA

Ga alaji mai jinkiri babu gwajin jini da ke nuna shi. Hanyar ita ce cirewa da mayarwa, ƙarƙashin kulawar likita:

(i) Uwa ta bar madarar shanu da duk danginta mako 2 zuwa 4, tana ci gaba da shayarwa.
(ii) Ta riƙa rubuta abin da ta ci da yadda yaron yake, kowace rana, a ƙaramin littafi.
(iii) In babu canji, ba madara ba ce. Ta koma cin abincinta, a nemi wani dalili.
(iv) In an ga sauƙi, ta sake shan madara na mako guda. In alamomin sun dawo, an tabbatar.

Mataki na huɗu ne mutane suka fi tsallakewa, don ba mai son ya sake ganin ɗansa cikin wahala. Amma in ba a yi shi ba, ana iya hana uwa da ɗa abinci mai kyau shekara guda a banza, alhali ciwon da ma zai warke da kansa. Yaron da ya taɓa yin alaji mai saurin tashi kuwa, ba a yi masa wannan gwaji a gida.

4. ABINCIN MAI SHAYARWA

Madarar da ake gani ba ta da wuyar gujewa. Ɓoyayyar ce matsala. Tana cikin Milo da makamantansa, da biskit, cakulan, kek, askirim, alewar madara, tuwon madara, wasu burodi, da man shanun da ake zubawa a tuwo. Madarar gari ta 'yar leda wadda aka sa wa man itatuwa ita ma furotin ɗinta na saniya ne. In za ku sayi abin kwali ko gwangwani, ku karanta jerin kayan haɗinsa, ku nemi waɗannan kalmomin Turanci: milk, whey, casein, butter, cream, cheese, yoghurt. In kun ga ɗaya, a ajiye.

Mai shayarwa tana bukatar kalsiyam kimanin miligiram 1,000 a rana, kofin madara ɗaya kuwa yana ba da kusan 300. Tun da ta bar shi, sai ta cike gurbin da ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙayarsu, kirefish, miyar kuka, zogale, alayyafo, riɗi da tamba. Likita yakan ƙara mata ƙwayar kalsiyam da bitamin D. Kunun gyaɗa, koko da fura da aka dama da ruwa duk babu laifi. Ba madara ke kawo ruwan nono ba. Yawan tsotson yaro ne ke kawo shi, tare da ƙoshi da isasshen ruwan sha. Yawancin irin waɗannan yara naman shanu dafaffe ba ya damunsu, saboda haka kada a hana uwa nama sai in likita ya ce.

5. FARA ABINCI A WATA SHIDA

Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nonon uwa zalla har wata 6, ba ruwa, ba jiƙo, ba man shanu a baki, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2 ko fiye. Ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna jarirai 29 ne kawai cikin 100 suke samun nonon uwa zalla a Nijeriya. A 2019 gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙara hutun haihuwa na ma'aikatanta mata zuwa wata 6 saboda wannan dalili. Yaro mai alaji ba ya bukatar jinkiri. Shi ma a wata 6 yake farawa.

Ga yawan abincin:

Wata 6 zuwa 8: sau 2 ko 3 a rana. A fara da babban cokali 2 ko 3, a riƙa ƙarawa har rabin kofi.
Wata 9 zuwa 11: sau 3 ko 4, rabin kofi, da 'ya'yan itace a tsakani.
Wata 12 zuwa 23: sau 3 ko 4, kusan cikin kofi, daga tukunyar gida.

Kofin da ake nufi shi ne mai mililita 250.

Babban kuskurenmu shi ne koko tsararo. Cikin yaro ƙarami ne, in ruwa ya cika shi babu wurin abinci. A wasu gidaje madarar gari ce ke rufa wa kokon asiri, to yaron da ba ya shan ta fa? Dole kununsa ya yi kauri har ya tsaya a cokali, a kuma gina shi da wasu abubuwa. Garin nan da ake kira Tom Brown yana da amfani ƙwarai. Awon da aka saba koyarwa shi ne gwangwani 6 na hatsi, wato gero ko dawa ko masara, da 3 na waken suya, da 1 na gyaɗa. A tsince, a wanke, a jiƙa waken a cire ɓawonsa, a shanya, a soya kowanne dabam, sannan a niƙa tare. A zubar da duk gyaɗar da ta yi fumfuna ko baƙi, domin tana da guba mai cutar da hanta. In an dama, a sa ƙaramin cokali na manja ko man gyaɗa, da ƙaramin cokali na garin busasshen kifi. Dukan waɗannan ana samunsu a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ko a kasuwar Kawo ranar Talata.

Ban da kunu akwai faten dankalin Hausa, faten acca da alayyafo, kabewa, wake da aka cire wa ɓawo, alala, ayaba, gwanda, dafaffen ƙwai, hanta da nama da aka daka. Hanta, nama da kifi suna da muhimmanci, domin daga wata 6 sinadarin ƙarfen da aka haifi yaro da shi ya fara ƙarewa.

Dokoki huɗu:

(a) Sabon abinci ɗaya a lokaci guda, da safe, a jira kwana 2 ko 3 kafin a ƙara wani. Ta haka in wani abu ya taso za a san mai laifi.
(b) Waken suya a fara da kaɗan. Wasu daga cikin yaran nan shi ma ba ya karɓarsu, musamman masu alaji mai jinkiri. In haka ne a yi garin da wake fari.
(c) Kada a hana ƙwai, kifi da gyaɗa don tsoro. Wani babban bincike da aka yi a Landan, aka buga a 2015, ya nuna fara ba yara gyaɗa da wuri ya rage alajinta da kimanin kashi 80 cikin 100. A ba da ita a niƙe cikin kunu, ba ƙwaya ba, don kada ta shaƙe shi. Yaron da ciwon fatarsa ya yi tsanani, a tambayi likita tukuna.
(d) Ba zuma sai bayan shekara 1. Gishiri, sukari da dunƙulen miya ma a bar su. Garin jarirai na kanti irin su Cerelac yawancinsu da madara a ciki, a karanta kwalin.

6. MAGANAR ƘASHI

Haɗarin da ke jiran yaron da ba ya shan madara shi ne ƙarancin kalsiyam. Daga shekara 1 zuwa 3 yana bukatar har miligiram 700 a rana, abincinmu na hatsi kuwa ba shi da shi sosai. In ya rasa, ƙashinsa ya yi laushi, ƙafafu su lanƙwashe, ya yi gwame ko su buɗe kamar baka. Mun ga haka a wasu ƙauyukan gabashin Kaduna wajen Kujama, inda yara da yawa suka kamu. A da ana zaton rashin bitamin D ne kaɗai ke kawo wannan ciwo. A 1999 aka buga binciken da likitoci suka yi a Jos kan yara 123 masu shi, suka tarar kalsiyam da yaran ke samu kimanin miligiram 200 ne kawai a rana, kuma waɗanda aka ba kalsiyam sun fi waɗanda aka ba bitamin D kaɗai warkewa. Daga baya an gwada garin kifi da aka niƙa da ƙayarsa, shi ma ya yi aiki.

Saboda haka kowace rana a sa garin kifi, ko kuka, ko zogale, ko niƙaƙƙen riɗi a abincin yaron, a riƙa yi masa kunun tamba, a bar shi ya yi wasa a waje ya sami rana, a kuma tambayi likita ko yana bukatar ƙarin kalsiyam.

7. YAYE

A al'adarmu in yaro ya kusa shekara biyu, rana ɗaya ake shafa wa nono maɗaci, a kai shi gidan kaka. A can kuwa abin lallashi na farko shi ne fura da nono, ko shayi da madara da burodi. Ga yaro mai alaji wannan tafiya tana iya ƙarewa a gadon asibiti. Ga abin da ya fi:

(i) Kada a yi gaggawa. Nonon uwa shi ne madarar da ta karɓe shi, a bar shi ya sha har shekara 2.
(ii) A yaye a hankali. A rage shayarwa ɗaya a rana, bayan 'yan kwanaki a rage wata, ta dare ta zama ta ƙarshe. Sannu ba ta hana zuwa.
(iii) Kada a yaye shi yana ciwo, ko nauyinsa yana tsaye.
(iv) A gaya wa kowa: kaka, gwaggo, mai reno, malamar ajin yara a makarantar Lahadi, da yayyensa. Ku ɗalibai, gutsuren biskit ko lasar yogot da kuka ba ƙaninku don ƙauna ya isa ya tayar da ciwon.

In dole ta sa uwa ta daina shayarwa kafin shekara 1, akwai madarar jarirai ta musamman wadda aka farfasa furotin ɗinta har jiki ba ya gane shi. Likita ne ke zaɓar ta, tana da tsada, ba kuma a kowane kanti ake samu ba. Madarar jarirai ta waken suya ba a ba ɗan ƙasa da wata 6. Madarar akuya da ta tunkiya ba mafita ba ce, domin furotin ɗinsu ya yi kama da na saniya, fiye da yara 9 cikin 10 masu alajin ɗaya suna yin na ɗayan. Wadda aka rubuta an cire wa laktos ma furotin ɗinta yana nan. Madarar waken suya ta gida da kunun aya kuwa ba za su riƙe jariri a madadin nonon uwa ba.

8. SAKE GWADAWA

Wannan alaji ba na har abada ba ne. Kimanin rabin yaran sun rabu da shi a shekara 1, fiye da uku cikin huɗu a shekara 3, kusan duka kafin shekara 6. Bayan an yi aƙalla wata 6 ana gujewa, yaro kuma ya kai wata 9 zuwa 12, likita yakan ce a gwada hawa-hawa: ɗan gutsuren biskit mai madara, domin wadda aka gasa cikin fulawa ta fi sauƙi, sai kek, sai yogot ko kindirmo mai tsabta, daga ƙarshe tafasasshiyar madara. Ana yin kwanaki a kowane hawa. In alamomi sun dawo, a koma hawan baya, a jira wata 3 a sake. Mai alaji mai saurin tashi a asibiti ake yi masa.

KAMMALAWA

Yaron ɗalibata yanzu ya wuce shekara, yana tafiya, yana kan hawan yogot, har yanzu kuma yana shan nonon uwarsa. Kakar da ta ce a cire shi a nono ita ce ke soya masa waken suya, in baƙo ya miƙa masa biskit ita ke fara cewa, "A'a, bari in ga kwalin tukuna." Ba mugunta ta sa ta ba da shawarar farko ba, rashin sani ne. In kun ji an ce nonon wata ba shi da kyau, ku tambayi abin da take ci da sha, ku raka ta wurin likita kafin a sayi gwangwani. Matambayi ba ya ɓata.

TAMBAYOYIN NAZARI

1. Bayyana bambanci tsakanin rashin narkar da laktos da alajin furotin na madarar shanu.
2. Me ya sa kindirmo da madarar akuya ba su dace da jariri mai alaji ba?
3. Kawo matakai huɗu na tabbatar da alaji mai jinkiri. Wanne aka fi tsallakewa, me ya sa yake da muhimmanci?
4. Tsara abincin yini guda na yaro ɗan wata 9 wanda ba ya shan madarar shanu, da kayan da ake samu a kasuwa mafi kusa da gidanku.
5. Ɗauko kwalaye ko ledojin abinci biyar daga gida, ka karanta kayan haɗinsu, ka rubuta waɗanda ke da madara a ɓoye.